Tallahatchie: Gunduma mai kotu biyu, da kundin zaɓen da ya riga alƙali yanke hukunci

Jihar Misisipi, a kudancin Amurka, tana da gunduma 82, kuma goma daga cikinsu hedikwata bibbiyu gare su. Tallahatchie na cikin waɗannan goma. A ƙidayar 2020 mutanenta 12,715 ne kacal, amma tana riƙe da ginin kotu har biyu: ɗaya a Charleston ta gabas, ɗaya a Sumner ta yamma, ƙauyen da mazaunansa ba su cika 400 ba. Na Sumner ɗin ne duniya ta sani, domin a benensa, a watan Satumbar 1955, aka yi shari'ar Turawa biyun da suka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, aka kuma sallame su. Masu ba da labarin shari'ar galibi kan tsaya a kan muguntar mutum biyu da rashin kunyar mutum goma sha biyun da aka ɗebo daga cikin jama'a don yanke hukunci, waɗanda suka wanke su, kuma duka gaskiya ne. Sai dai wanda ya bi yadda aka shimfiɗa gundumar, ƙasarta da ofisoshinta, zai ga an gama yanke hukuncin tun kafin alƙali ya hau kujera, a ƙananan ofisoshin da ba wanda yake ɗaukar hotonsu.

Gunduma a Amurka ita ce matakin mulki da ke ƙarƙashin jiha, kuma ƙasar na da irinta fiye da 3,000. Mai karatu a Najeriya zai kwatanta ta da ƙaramar hukuma, kuma kwatancen ya yi, amma da bambanci mai nauyi. Gundumar Amurka tana da 'yan sandanta da kurkukunta, mutanenta ne ke zaɓen shugaban 'yan sandan da ake kira sherif, ita ke ajiye takardun filaye da na aure da na gado, ita ke rajistar masu zaɓe, kuma kaso mai yawa na kuɗinta daga harajin gidaje da gonaki da ta ɗora da kanta yake fitowa. A karkarar kudu, inda birane ba su da yawa, talaka kan yi rayuwarsa kaf bai ga wata hukuma da idonsa ba sai ta gunduma. Shi ya sa ginin kotu yake tsakiyar gari, da fili kewaye da shi, shaguna da ofisoshin lauyoyi suna fuskantarsa. Sunansa kotu, amma shi ne sakatariya, shi ne ofishin haraji, shi ne ma'ajin takardu.

Ƙasar Tallahatchie ta kai kusan murabba'in kilomita 1,690, a arewa maso yammacin jihar, kuma gida biyu ta rabu. Gabas tudu ne, jerin tsaunukan ƙasa mai laushi da ruwan sama ke zaizayewa, inda gonaki ƙanana suke. Yamma kuwa shimfiɗaɗɗiyar fadama ce, yanki na abin da ake kira Delta, wato kwarin da ke tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo, inda ambaliyar dubban shekaru ta tara baƙar ƙasa mai albarka irin wadda ba kasafai ake samu ba. Kogin Tallahatchie ya ratsa gundumar daga arewa zuwa kudu, ya gangara har Greenwood a gundumar Leflore, inda ya haɗu da Yalobusha suka zama Yazoo.

Ƙasar ta al'ummar Choctaw ce tun asali, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka. A yarjejeniyar Dancing Rabbit Creek ta 1830 gwamnatin Amurka ta karɓe musu kusan eka miliyan 11, aka kora yawancinsu yamma zuwa inda yau ake kira Oklahoma, sannan a watan Disambar 1833 majalisar jiha ta yanka gundumomi a kan ƙasar da suka bari, har da Tallahatchie. Turawan da suka fara zuwa a tudu suka sauka, don a lokacin fadamar kurmi ce mai duhu, cike da ruwa da sauro da zazzaɓi. Charleston, wadda take daidai inda tudu ya ƙare fadama ta fara, ta zama hedikwata tun cikin shekarun 1830. Yamma ba ta buɗe sosai ba sai bayan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, musamman daga shekarun 1880, lokacin da aka gina shingayen tare ambaliya, layin dogo ya shigo, kamfanonin katako suka sare kurmin. A farkon ƙarni na 20 Charleston ta yi suna da masana'antar katako ta Lamb-Fish, wadda ake kirarin babu irinta girma a duniya. Inda aka sare itace, auduga ta maye.

Audugar nan ce ta sauya jama'ar gundumar. Manyan gandaye na fadama suna buƙatar hannu da yawa, sai iyalan baƙar fata, 'ya'ya da jikokin bayin da aka 'yanta, suka kwararo suna noman kashi-mu-raba: mai gona ya ba da fili da ɗaki da iri da alfadari da bashin abinci, a ƙarshen shekara a raba amfani, a cire bashi daga kason manomi. Mai gonar ne ke riƙe da littafin lissafi, don haka kowa ya san yadda lissafin ke ƙarewa. Wajen 1920 mutanen gundumar sun haura 35,000, mafi yawansu baƙar fata, mafi yawansu a yamma. Tudun gabas ya zauna a hannun ƙananan manoma Turawa, talakawa su ma, waɗanda ke kallon baƙar fata a matsayin abokan gogayya a kan ɗan abin da ake samu, suna kuma jin haushin attajiran fadama.

Da dukiya ta koma yamma, sai tafiya Charleston ta zama abin ƙorafi. Tsakanin garuruwan biyu kilomita talatin ne da 'yan kai, amma kafin a sami kwalta da gadoji masu ƙarfi, idan kogi ya cika ya malale, mai son ya yi rajistar fili ko ya amsa sammaci sai ya jira ruwa ya janye. A 1902 aka raba gundumar gida biyu ta fuskar shari'a, Sumner ta zama hedikwatar yanki na biyu. Gobara ta cinye ginin kotunta na farko a 1908, aka sake tayar da shi cikin shekara biyun da suka biyo baya: jan bulo, tagogi masu baka, hasumiya mai agogo a kusurwa, ofisoshi a ƙasa, zauren shari'a a sama. A 1913 aka kafa mutum-mutumin sojan kudu, wato ɓangaren da ya yi yaƙi don a ci gaba da bauta, a filin gaban ginin. Duk baƙin mutumin da ya zo neman haƙƙinsa, ta gabansa zai wuce.

Raba kotu ba raba gwamnati ba ne. Gundumar ɗaya ce, majalisarta ɗaya, sherif ɗinta ɗaya. A tsarin Misisipi kowace gunduma mazaɓa biyar gare ta, kowace mazaɓa ta zaɓi wakili ɗaya na shekara huɗu, su biyar ɗin su ne majalisar gunduma: su ke yanka haraji, su ke tsara kasafi, su ke kula da hanyoyi da gadoji. A da kowane wakili shi ke riƙe da motocin aikin hanya da ma'aikata da kuɗin mazaɓarsa kamar wani ƙaramin hakimi, abin da ya buɗe ƙofar cin hanci har hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, ta yi wani bincike a shekarun 1980 da ya kai ga tuhumar fiye da 50 daga cikin wakilai 410 na jihar. Bayan majalisa akwai magatakarda biyu da ake zaɓa. Ɗaya na kotun da ke duba filaye da gado da saki, shi ne kuma sakataren majalisa. Ɗayan na kotun manyan laifuka, kuma a hannunsa kundin masu zaɓe yake. Sai sherif, wanda a shekarun 1950 shi ne kuma mai karɓar haraji.

A riƙe waɗannan biyu na ƙarshe, magatakardan kundin zaɓe da sherif mai karɓar haraji, domin a kansu tsarin mulkin jihar na 1890 ya rataya komai. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana a hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa tun 1870, don haka waɗanda suka rubuta na Misisipi ba su ambaci launi ba. Sharaɗi suka gindaya: mai son zaɓe ya biya harajin dala biyu a shekara, sannan ya karanta wani sashe na tsarin mulkin jiha ko ya fassara ma'anarsa yadda zai gamsar da magatakarda. Gamsuwar kuwa a zuciyar magatakarda take, ba mai duba ta. Baturen da ko sunansa bai iya rubutawa da kyau ba sai ya ci, baƙin malamin makaranta ya faɗi. In ma mutum ya dage, akwai mai gonar da zai kore shi daga ɗakin da yake ciki, akwai mai shagon da zai yanke masa bashi, akwai kuma bindiga. A watan Agustan 1955 aka harbe Lamar Smith da rana tsaka a filin kotun Brookhaven, a kudancin jihar, saboda yana ƙarfafa wa baƙar fata gwiwar yin zaɓe, kuma ba a hukunta kowa ba.

Sakamakon wannan a Tallahatchie a bayyane yake. A 1955 mutanenta sun kai wajen 30,000, kusan biyu cikin uku baƙar fata ne, kuma ko mutum ɗaya daga cikinsu babu a kundin zaɓe. To, a shari'ar manyan laifuka a Amurka ba alƙali ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Mutum goma sha biyu ake ɗebowa daga cikin jama'a, su saurari shaidu, su keɓe, su yanke; alƙali aikinsa ya tsare ƙa'ida ya kuma faɗi horo. Dokar Misisipi ta lokacin ta ce daga cikin maza masu rajistar zaɓe ake ɗebo su, mata kuwa ba a ba su wannan dama ba sai 1968. Wanda babu shi a kundin zaɓe, babu shi a zaɓen sherif, babu shi a zaɓen mai gabatar da ƙara, babu shi a zaɓen alƙali, babu shi kuma a kujerun nan goma sha biyu. Kundi ɗaya ne ke rufe ƙofofin duka.

Emmett Till ɗan shekara 14 ne daga Shikago, ya zo hutu wajen 'yan uwan mahaifiyarsa kusa da ƙauyen Money a gundumar Leflore. Ranar 24 ga Agusta ya shiga shagon Roy Bryant, aka ce ya yi wa matar mai shagon, Carolyn, fito. Da asubahin 28 ga wata Bryant da ɗan uwansa J. W. Milam suka je gidan Moses Wright, dattijon da yaron ya sauka wurinsa, suka tafi da shi. Ranar 31 ga wata wani matashi mai kamun kifi ya ga gawarsa a kogin Tallahatchie, an ɗaura masa fankar injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya.

A nan iyakokin gunduma suka shigo cikin maganar. A Leflore aka sace yaron, kuma sherif na Leflore ne ya kama mutanen biyu. Shaidar da ta fito daga baya ta nuna a wani rumbun gona kusa da Drew, cikin gundumar Sunflower, aka azabtar da shi. Gawa kuwa a kogin da ya ratsa Tallahatchie da Leflore aka same ta, sai sherif na Tallahatchie, H. C. Strider, ya ce a ƙasarsa take, shari'ar kisa ta zama tasa. Strider babban manomin auduga ne mai gandu a fadama, an san shi da rubuta haruffan sunansa, ɗaya-ɗaya, a kan rufin ɗakunan manomansa don mai wucewa ya karanta. Abin da ya fara yi shi ne ya ba da umarni a binne gawar nan take. Mahaifiyar yaron, Mamie, ta ƙi, ta sa aka kai gawar Shikago, ta kuma ce a bar akwatin a buɗe a cocin Roberts Temple jama'a su ga abin da aka yi wa ɗanta. Dubban mutane suka gani, mujallar Jet ta buga hoton, daga nan maganar ta fi ƙarfin Misisipi.

An buɗe shari'ar ranar 19 ga Satumba a gaban alƙali Curtis Swango, kuma adalci ne a faɗa cewa 'yan jarida, har da baƙar fata, sun yaba yadda ya riƙe zaman. Mai gabatar da ƙara Gerald Chatham shi ma ya yi aikinsa da gaske. Amma duk lauyoyin da ke Sumner, su biyar, ɓangaren waɗanda ake tuhuma suka tsaya. Ɗayansu, John Whitten, ɗan uwan Jamie Whitten ne, ɗan gundumar da ya wakilci yankin a majalisar wakilai ta tarayya daga 1941 zuwa 1995. Wajen tantance mutum goma sha biyun, masu gabatar da ƙara sun yi ta ƙin mutanen kusa da Sumner don gudun waɗanda suka san Milam da Bryant, sai kujerun suka cika da mutanen tudun gabas, galibi manoma. Masu nazarin shari'ar suna ganin wannan kuskure ne babba, tunda a tudun ne ƙiyayyar launin fata ta fi zafi, yayin da wasu manyan fadama ba su ɗauki Milam da Bryant da wata daraja ba. Ni dai ban ga alamar da za ta sa a ce Turawan fadama za su ɗaure Bature saboda baƙin yaro a 1955 ba, amma abin ya nuna yadda tsohuwar rabuwar tudu da fadama ta biyo mutane har cikin zauren.

Sherif shi ya tsara zaman zauren. Ya ware wa 'yan jarida baƙar fata ɗan tebur a gefe, kuma a nan Charles Diggs, ɗan majalisar tarayya baƙar fata daga Michigan, ya zauna. Neman shaidu, wanda aikin sherif ne, sai da likita T. R. M. Howard na garin Mound Bayou da 'yan jarida da ma'aikatan NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, suka bi gonaki cikin dare suka yi. Ta haka aka samo Willie Reed, ɗan shekara 18, wanda ya shaida ya ga Milam a rumbun nan ya kuma ji ihu daga ciki. Masu bincike sun ruwaito cewa wasu ma'aikatan Milam biyu baƙar fata, da ake jin sun ga abin da ya faru, an ɓoye su a kurkukun Charleston da sunayen ƙarya har aka gama shari'a. Moses Wright ya miƙe a gaban zauren da ke cike da Turawa ya nuna Milam da yatsa, abin da a wancan zamani daidai yake da sayar da rai. Ba da jimawa ba ya bar jihar. Mamie ta shaida cewa gawar ta ɗanta ce, ga kuma zoben mahaifinsa mai haruffan L. T. da aka ciro daga yatsan gawar.

Sai sherif na gundumar da ke tuhuma ya hau kujerar shaida a ɓangaren waɗanda ake tuhuma. Ya ce gawar ta ruɓe fiye da ta kwana uku a ruwa, ba a iya gane ko ta wane ce, kai ba ya ma iya cewa baƙi ne ko Bature. Wannan ita ce igiyar da mutum goma sha biyun ke nema. Lauya John Whitten ya rufe jawabinsa da tunatar da su jininsu na Turawa, ranar 23 ga wata suka keɓe na minti 67, suka dawo suka ce ba laifi. An ruwaito ɗayansu yana cewa da ba su tsaya shan lemo ba da ba su kai haka ba. A Nuwamba kwamitin tantance tuhuma na Leflore ya ƙi gurfanar da mutanen kan satar yaron, duk da cewa sun amsa wa 'yan sanda da bakinsu sun ɗauke shi daga gidan Wright. A Janairun 1956 mujallar Look ta buga hirar da aka biya su suka yi, inda suka amsa kisan, da sanin cewa doka ta hana a sake yi wa mutum shari'a kan laifin da aka wanke shi.

Wanda yake zaton abin ya faru ne don idon duniya ya fusata mutanen Sumner, ya duba abin da ya biyo baya. A Disambar 1955, a Glendora cikin gundumar, wani abokin Milam mai suna Elmer Kimbell ya harbe Clinton Melton, baƙin ma'aikacin gidan mai, kan gardamar man da aka zuba masa. Mai gidan man, Bature, ya ba da shaida a kansa. A Maris na 1956, a zaure ɗaya, ba tare da cincirindon 'yan jarida ba, aka sallami Kimbell. Shi kuwa Strider daga baya majalisar dattawan jiha ya tafi.

Gyara ma ta kundin zaɓen ya shigo, a hankali kuma da ƙyar. A 1963 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a kan sherif na Tallahatchie na lokacin, Ellett Dogan, saboda ƙin karɓar harajin zaɓe daga hannun baƙar fata. Dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 ta dakatar da jarrabawar magatakarda, kotun ƙoli ta soke harajin zaɓe na jihohi a 1966. A jihar baki ɗaya, baƙar fata masu rajista sun tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin ɗari a 1964 zuwa kusan kashi 60 a 1967. Rajista kaɗai ba ta ba da kujera ba, domin inda aka ja layin mazaɓu biyar ɗin nan yana iya tarwatsa rinjaye, kuma sai da aka sha shari'o'i kan iyakokin mazaɓu kafin baƙar fata su fara shiga majalisar gundumar. Jerome G. Little na cikin waɗanda suka yi wannan gwagwarmaya, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci majalisar.

Little ne ya kafa kwamitin tunawa da Emmett Till, mai baƙaƙe da Turawa, a 2006. A Oktobar 2007 kwamitin ya tsaya a gaban kotun Sumner, da dangin Till a zaune, ya karanta takardar neman gafara da ta amsa cewa an zalunci yaron da iyalinsa a wannan gini. Masu nazari sun lura cewa akwai buƙatar kuɗi a cikin lamarin: ginin ya lalace, gunduma ba ta da abin gyara shi, kuma sunan Till ne kaɗai zai jawo tallafin jiha da na tarayya, in kotu ta bar Sumner, lauyoyi da sauran 'yan harkokin garin sun tafi ke nan. Ban ga wannan ya rage darajar abin da aka yi ba. Mutane kan zo wajen gaskiya da dalilai iri-iri, kuma shekara hamsin kafin nan ko allo ɗaya mai sunan yaron babu a gundumar. An gama gyaran a 2015, aka mayar da zauren kamanninsa na 1955, ana kuma ci gaba da shari'a a cikinsa. Little bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 2011.

Ba kowa ya yarda ba. Allon da aka kafa a 2008 a Graball Landing, bakin kogin da ake jin a nan aka fito da gawar, an tumɓuke shi. Wanda ya maye gurbinsa ya sha ɗaruruwan harsasai, na uku ma aka harbe shi, sai a 2019 aka kafa na ƙarfe mai nauyi wanda harsashi ba ya hudawa. A ɓangaren shari'a, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta sake buɗe bincike a 2004, aka tono gawar a 2005, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar ta Till ce, wato maganar Strider ƙarya ce tun farko. A 2022 aka gano takardar umarnin kama Carolyn Bryant ta 1955, wadda ba a taɓa zartarwa ba, a ma'ajin ƙasa na kotun Leflore. Kwamitin tantance tuhuma ya sake ƙin gurfanar da ita, ta rasu a 2023. Har yau ba wanda aka ɗaure kan kisan. A Maris na 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar tarayya mai sunan Till da ta haramta kisan gilla irin na taron dangi, sannan ranar 25 ga Yulin 2023 ya ayyana kotun Sumner da Graball Landing da cocin Shikago a matsayin wuraren tarihi na ƙasa.

Abin da ke damun majalisar gundumar a yau ya fi karkata ga lissafi. Injin tsinkar auduga, wanda aka fara gwada shi a kan gona guda cur kusa da Clarksdale a 1944, ya sa gandaye suka daina buƙatar iyalan da suka tara, jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Shikago da sauran biranen arewa. Daga 24,000 da 'yan kai a 1960 mutanen suka ragu zuwa 15,378 a 2010, sannan 12,715 a 2020. Ƙasar na nan da albarkarta, ana noman waken soya da masara da shinkafa da auduga, amma gonar da a da ke ɗaukar iyali hamsin yanzu mutum kaɗan da injuna ke noma ta. Madatsun ruwa da aka gina a tudu bayan ambaliyar 1927, irin su Sardis da Enid da Grenada, sun rage haukan kogin, kuma tafiya daga Sumner zuwa Charleston a mota ba ta wuce rabin awa. Dalilin da ya sa aka raba kotu a 1902 ya gushe, amma kotunan biyu suna nan, haka ma hukumomin makarantu biyu, na gabas da na yamma, duk a kan harajin gidaje da gonakin jama'ar da kullum raguwa take yi. Rabuwar ta daɗe a zukata ma: sai a 2008 ɗaliban sakandaren Charleston, baƙaƙe da Turawa, suka yi bikin rawar ƙarshen shekara tare a karon farko, bayan ɗan wasan fim Morgan Freeman, wanda ke zaune a yankin, ya ɗauki nauyin kuɗin.

Cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a gundumar yanzu akwai wani kurkuku mai zaman kansa kusa da Tutwiler, wanda kamfanin CoreCivic ke gudanarwa tun 2000, mai gadaje fiye da 2,500, inda ake kawo fursunoni har daga wasu jihohi masu nisa. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana lissafa fursuna a inda yake tsare, don haka wani kaso na alƙaluman gundumar mutane ne da ba 'yan nan ba ne, ba sa kuma zaɓe a nan. Duk bayan ƙidaya, idan aka zo sake jan layin mazaɓu biyar, sai majalisar ta yanke ko za ta sa su cikin lissafi, domin in ta sa, ƙuri'ar mazauna mazaɓar da kurkukun yake za ta fi ta sauran mazaɓu huɗun nauyi.